Mai Sarewar da Na Ɗinke wa Busa

Aikin ɗaukar sauti a gidan rediyo na koye shi, a Kaduna, tun lokacin da ake yanka tef da reza a liƙe da salatif. Da na dawo Landan na zauna a unguwar Barking ban sami aikin rediyo ba, sai na sayi 'yan na'urorina na koma ɗaukar duk wanda ya kira ni: wa'azi, walima, taron ƙungiya, ɗalibai masu son aika kiɗansu don neman gurbin karatu. Ta wannan hanyar aka haɗa ni da wani Bature mai busa sarewa da ke son fitar da faifai.

Saƙon da ya fara aiko mini ya kai shafi biyu, kuma duk bayanin kansa ne. A ƙarshe ya ce sonata shida zai ɗauka, na zamanin da suke kira baroque, wato kiɗan Turawa na wajen shekara ɗari uku da suka wuce. Sonata kiɗa ne zalla ba waƙa, ana raba shi babi uku ko huɗu, wani a hankali wani da gudu. Waɗannan na mutum biyu ne, mai sarewa da mai harpsichord. Shi harpsichord kakan fiyano ne, amma maimakon ya doki tsirkiya, tsinkarta yake yi kamar molo. A duk tsawon saƙon bai ambaci wanda zai kaɗa shi ba.

Ya yi booking ɗin wani tsohon coci a Peckham na kwana uku, saboda a cewarsa bangon yana da amo. Ranar farko na iske wata farar mota a ƙofa, direban yana sauke wani dogon akwati da aka naɗe da barguna. Dattijo ne mutumin Kumasi, da ya ji na yi sallama sai ya washe baki. Na kama masa muka shigar da akwatin. A baya wata mata ce ke biye da mu, siririya mai furfura, da ƙafafun harpsichord ɗin a hammatarta.

Direban ya yi ƙasa da murya ya ce mini da irin Hausarsu ta Kumasi, “Malam, mata nan shekara da yawa ina ɗauka kaya nashi, ba shi da matsala. Amma namiji nan, ka yi haƙuri da shi.”

Namijin ya iso bayan awa guda, da gyale a wuya, da 'yar jaka rungume a ƙirji kamar jariri. Bai tambayi yadda aka shigo da kayan ba. Ya zaro sarewar katako, ya harhaɗa gaɓoɓinta, ya tsaya yana yi mini lacca. Wai kwaikwayon wata tsohuwar sarewa ce da ke gidan tarihi. Wai sarewar ƙarfe ta zamani ƙarya take yi, tana ɓoye aibin mai busa, ita kuwa wannan gaskiya kawai take faɗa. Shi abin da ya sa a gaba ke nan a rayuwa, gaskiyar sauti, yadda aka ji shi a wancan zamanin. Ya tambaye ni ko muna da sarewa a Afirka. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ya juya yana ƙorafin sanyin ɗakin.

Matar kuwa ta riga ta kafa harpsichord ɗin a kan ƙafafunsa. Ta sunkuya cikin akwatinta da ɗan mabuɗi tana ɗaure tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta miƙo mini kwafin takardun kiɗan, ta riga ta sa wa kowane layi lamba da fensir don in riƙa bin inda ake.

Babin farko mai tafiya a hankali ne, ya busa shi ba laifi. Da aka shiga mai gudu sai gaskiyar da yake magana ta fito. Akwai wani wuri da sautin ke hawa da sauka da sauri, yatsunsa suka sarƙe, sarewar ta yi wani kuka irin na ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya tsaya. Ya ce jirgin ƙasa na Overground ne ya wuce ya raba masa hankali. Muka sake. Ya ce bas ce ta taka birki. Muka sake. Ya ce sanyi ya sa katakon ya ƙi. Aka kunna hita, ya ce hita na huci. A karo na bakwai ko na takwas ya juya ga matar.

“Kina gudu,” ya ce.

“Yadda ka ƙirga nake bi,” ta ce.

“To kina danne ni.”

Ta ce to, ta mayar da hannuwanta kan allon harpsichord ɗin. Ni ina da abin sauraro a kunne, ina jin komai fiye da su biyun. Ba ta yi gudu ba. Tun safe har la'asar, in ka ɗora bugunta na farko a kan na ashirin, da ƙyar ka raba su. Da na fita sallar azahar na dawo, ya ce tsayawar da na sa aka yi ce ta sanyaya masa leɓe.

Kwana uku muka yi haka. Babu babi mai gudu ko ɗaya da ya busa daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda ya faɗi sai ya ɗaga mini hannu ya ce za a gyara a editing, wato wajen tace sautin, kamar mai ba tela gyaran wando. Ita kuwa duk bayan awa ɗaya ta tashi ta sake ɗaure tsirkiyoyinta, ta ci burodinta a tsaye, ta koma ta zauna.

Na kwashe guntayen na kai gida. A ɗan ƙaramin ɗakin sama nake aiki, wanda ba ya cin gado. Mako biyar na yi ina ɗinki. In ɗauko sauti huɗu daga busar ranar Talata, in haɗa da uku na ranar Alhamis, in goge tabon. Akwai layin da sai da na haɗa shi daga busa tara daban-daban. Numfashinsa ma aiki ne, don yana jan iska kamar mai hawa bene da buhu. Na nemo numfashi ɗaya mai tsabta da ya yi ranar farko, na bi ina liƙa shi duk inda ake bukata. Matata ta leƙo wata rana da kofin shayi, ta tsaya tana jin wurin nan mai hawa da sauka yana maimaituwa.

“Malam, wai har yanzu mutumin nan bai iya ba?”

Na ce mata ai ya kusa iyawa, saura kwana biyu in gama koya masa.

Da na kammala ya ce zai zo ya ji. Bai taɓa zuwa Barking ba, ya sauko daga jirgin ƙasa na District line yana waige-waige, ya ce mini unguwar tana da ban sha'awa, da irin muryar da ake yaba wa mara lafiya. Ya zauna a kujerata ya rufe ido. Da aka zo wurin da ya kasa sau ashirin, ya ji shi yana zuba sumul, sai ya gyaɗa kai yana murmushi.

“Na tuna wannan,” ya ce. “Ranar Laraba ce. Na ji a jikina cewa ta zauna.”

Babu sauti ko ɗaya na ranar Laraba a wurin. Ban gaya masa ba.

Sannan ya ce harpsichord ya yi ƙarfi, in rage shi. Na ce masa a wannan sonatar hannun daman matar da sarewarsa hira suke yi, in aka rage ta zai zama yana tambaya ba mai amsawa. Ya yi mini kallon da ake yi wa direban tasi idan ya sa baki a maganar fasinjoji. Ya ce sarewa ce ke magana, ita rakiya take yi. Na ɗora yatsa a kan maɓalli, ban motsa shi ba, na sake kunna masa wurin. Ya saurara da ido a rufe, ya ce yawwa, yanzu ya yi daidai.

Faifan ya fito da hotonsa a gaba, yana kallon taga da sarewa a hannu. Sunan matar yana baya, ƙasa da sunan wanda ya sassaƙa sarewar.

An yi bikin fitar da shi wata Lahadi da rana a wani ƙaramin zaure, aka gayyace ni. Yawancin mutanen tsofaffi ne masu hali, irin waɗanda ke riƙe tari har sai an gama babi su sake shi gaba ɗaya. Kafin ya fara ya yi jawabi. Ya ce a wannan zamani na na'ura, su sun zaɓi su shiga coci su busa su fito, abin da aka ji shi aka ɗauka. Ya nuna ni a layin baya, ya ce ga abokinsa daga Afirka, mai kunne na halitta. Kawuna suka juyo ana yi mini murmushi. Na ɗaga hannu, don ban san abin da zan yi da shi ba.

Da aka zo babin nan mai gudu na kasa kunne. Ya iso wurin, yatsun suka sarƙe kamar kullum, sai ya yi tsalle ya bar layi biyu cur ya faɗa gaba. Na duba matar. Ko girarta ba ta motsa ba. Ta tsallake tare da shi, ta cike ramin da wata 'yar kwalliya da hannun dama, ta tare shi a inda ya sauka. Zauren bai ji komai ba. Na gefena, wani dattijo da ya yi ta gyaɗa kai kamar masani, ya raɗa wa matarsa cewa wannan shi ne busa. Aka yi ta tafi. Ya sunkuya sau uku, sannan ya miƙa hannu wajen matar ba tare da ya dube ta ba, yadda ake nuna wa baƙo inda zai ajiye takalmi.

Ana shan shayi ana kewaye da mai sarewar, ni da direban Kumasi muka naɗe harpsichord da bargunansa. Matar ta zo tana kwance ƙafafun. Na tambaye ta shekara nawa suke kiɗa tare da shi, ta ce sha ɗaya. Na ce me ya sa take haƙuri da shi. Tana juya dunƙulen ƙarfe a hannu ta ce tana son waɗannan sonatocin tun tana yarinya, kuma ba a kaɗa su mutum ɗaya. Ta ce mu yi hankali da matakala ta biyu, tana da santsi.

Bayan wata takwas saƙonsa ya sake zuwa, shafi biyu kamar na farko. Zai ɗauki faifai na biyu, ya sami sabon mai harpsichord wanda ya fi fahimtar abin da yake nufi. Na rubuta masa cewa aiki ya yi mini yawa bana. Akwai wani mai ɗaukar sauti a Stratford da ba ma shiri, ya taɓa ɓata ni wajen wata ƙungiya ya karɓe aikin. Na yaba shi sosai a cikin amsar, na tura wa mai sarewar lambarsa.