Ruwan Sabulu a Birki

Ba don burga na sayi motar lantarki ba. Maiɗakina ce ke kai 'yarmu makaranta a ƙetaren gadar Binuwai kullum da safe kafin ta wuce asibitin da take aikin ungozoma, ni kuwa na gaji da ganin su biyu a bayan ɗan moto, wato ɗan acaɓa, ana kutsawa da su tsakanin tireloli. Wani ɗan kasuwa ne ya hauro da motar daga Duwala, ya rasa mai saye a duk Garwa, ni na ɗauka.

Wata rana jar fitilar birki ta kama, sai na kai wa Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon direban motar shanu a hanyar Tibati, da ƙarfi ya ƙare ya buɗe gareji a gindin wata dalbejiya kusa da kara. A danginmu, ka kai mota wani gareji Kawu yana raye, to ka zagi uwarka ke nan. Da la'asar ya miƙo mini makulli. Na taka birki, na ji ƙafata ta nutse kamar na taka tuwon da ya kwana.

Na ce, "Kawu, kamar ya yi laushi."

Ya ce, "Haka na zamani suke, ɗana. Za ka saba."

Na ce to. Kwana tara ina jin laushin nan ban sake buɗe baki ba, saboda motar da kanta ta rufa masa asiri. Irin waɗannan, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya riƙe ta, ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Sai ka zagaye gari ba ka taka birki sosai ba. Abin da ban sani ba shi ne, idan batir ya cika maƙil babu inda za a zuba ƙarfin, sai injin ya sake ta, ya bar ka kai da birkinka. Mu da wuta ba ta zama, batirinmu bai taɓa cika ba. A makon nan ne wuta ta yi abin kirki, ta yi kwana biyu ba a ɗauke ba.

Da safe ina shago waya ta yi ƙara. Muryar maiɗakina ce, amma da ƙyar na gane ta. A gangaren gada ta tarar da garken shanu ana kora su mayanka. Ta taka birki, ya tafi har ƙasa. Ta sake takawa, babu. Allah ya sa akwai tulin yashin masu gini a gefen titi, ta karya sitiyari ta cusa motar ciki. Ƙahon wani bijimi ya fasa madubi. Yarinyar ta ciji harshenta, jini ya ɓata mata farar rigar makaranta.

A karon nan ban yi shawara da kowa ba. Na sa aka ja motar zuwa wurin wani bakanike da ya koyo aikin irinsu a Maruwa. Ya jona wata na'ura a ƙasan sitiyari, ya zaunar da ni a kujerar direba, shi kuma ya shiga ƙarƙashi da siririn tiyo da kwalba. Iska za mu fitar, in ji shi.

"Taka. Taka. Riƙe!"

Na riƙe. Can ya fito ya miƙo mini kwalbar ta taga. Kumfa ce, wallahi, kumfa fal, a ƙasanta wani ruwa mai launin toka da ɓurɓushin tsatsa. Na kai hanci, warin bahon wanki ya buge ni. Ruwa ne da garin sabulu. Tir! Na tofar da yawu ta taga har sau biyu. Wannan ƙazantar ce ke tsakanin 'yata da kabari kwana tara.

Ya tambaye ni da Faransanci wane mara imani ne ya yi wannan aiki. Na ce wani ne a hanya, ban san shi ba. Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Yini guda ya yi a kanta. Ya wanke bututun kaf, ya sauya robobin da suka lalace, ya zuba man birki na gaske, muka bi ƙafa huɗun ɗaya bayan ɗaya ina takawa har cinyata ta yi tsami. Da ya gama, birki ya tsaya ƙyam tun daga sama. Na roƙi kwalbar, na ƙulle ta a leda.

Washegari na nufi wurin Kawu da leda a hannu. Duk hanya ina shirya magana, har da wadda za a kira taron dangi a kanta. Na tarar da shi a kan tabarma da kwanon tuwo. Ya ce bismilla. Kafin in zauna sosai shi ya fara.

"Yaya 'yar motar taka? Ran nan man birki ya yanke a shagon maƙwabcina, na haɗa maka namu na da. Shekara nawa muna sauka dutsen hanyar Tibati da shi, da shanu talatin a baya! Balle taka da ke tsayawa da kanta. Man birki a jikinta ado ne."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ga gwangwanin garin sabulun nan a gefensa, wanda yake wanke hannu da shi. Na dubi furfurarsa, na dubi gwangwanin, zuciyata tana tafasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya ƙara girma, Kawu." Na sa hannu a kwano na ci tuwo, loma biyar ko shida, kowace da warin sabulu a maƙogwarona. Ledar tana ƙarƙashin gwiwata har na tashi. A kwata na jefar da ita. Ban taɓa jin ƙyamar wani mutum yadda na ji ƙyamar kaina a ranar ba.

A gida na tarar da maiɗakina tana ba yarinyar kunu da cokali, don har lokacin ba ta iya tauna.

"Ka gaya masa?"

"Kin san Kawu. Babba ne."

"Ran da ka karɓo ta, ka ji laushin?"

Ta ajiye cokalin, ta ciro makullin motar daga jakarta, ta ɗora a kan tabarma a gabana. Ta ce gobe ɗan moto zai zo ya ɗauke su.

Na ce, "Haba, an fa gyara ta. Je ki taka ki ji."

Ta ce, "Na yarda an gyara, Malam. Ba motar nake tsoro ba."