Motar da Inna Ladidi ta ƙi shiga

Harisu bai taɓa yin haɗari ba, duk wanda ya san shi a tashar Dakoro zai shaida. Abin da babu mai rantsuwa a kai shi ne cewa motarsa tana tafiya a miƙe. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, ko a ce fara ce a zamanin da aka ƙera ta, kuma tun ranar da ya saye ta halinta ɗaya ne. In ta zo kwana sai ta kwanta gefe guda, ta ɗan yi tunani, sannan ta tashi. Fasinjojin Tagris sun saba. Da an hango kwana kowa zai damƙi na kusa da shi, a yi salati, a wuce, a koma hirar kasuwar awaki.

Shi kansa mutum ne marar hayaniya. Ya tashi yana kiwon awakin uwarsa a wani ƙauye bayan Tagris, ya gudo Dakoro yana saurayi saboda warin gazuwal, man manyan motoci, ya fi masa warin garke daɗi. Ya yi karen mota shekaru, ya sha zagin direbobi har ya ƙoshi, sannan Allah ya ba shi tasa. Ya auri Hawwa'u, ya gina ɗaki biyu bayan kasuwar dabbobi. Ranar kasuwa yakan kwaso mutane da bisashe, washegari ya mai da mutanen da sukari da shayi da gishiri. Ba ya gudu, ba ya faɗa, ko rediyo ba ya kunnawa. Da ba don uwarsa ba, da rayuwar Harisu ba ta da abin da za a zauna a ba da labari.

Sau ɗaya Inna Ladidi ta taɓa shiga motar, a shekarar da ya saye ta. Ranar an yi rashin sa'a, Na'Allah mijin 'yarta ya taka ƙaya ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya hawa baya. Dole aka zaunar da su biyu a gaba, suruki da surukuwa, aka gindaya ƙullin kaya a tsakani don kunya. Shi yana kallon taga, ita tana kallon ƙasa. A kwanar farko motar ta yi abin da ta saba, ƙullin ya gangara, Inna Ladidi ta zame ta faɗa kan cinyar Na'Allah gaba ɗayanta. Ta sa aka tsaya, ta sauka, ta koma gida da ƙafa. Na'Allah kuwa har yau in zai je gona sai ya zagaya ta bayan gari.

Shekaru suka wuce a haka. Yakan kai mata goro da sabulu, takan karɓa ta sa albarka, amma ko inuwar motar ba ta yarda ta taka ba. Sai yanar ido ta fara rufe mata idanu, na hagu tukuna, sannan na dama. Ta koma gane awakinta da kuka, jikokinta da tafiya. Wata rana ta miƙa masa ruwa ta inda ba ya nan, ya matsa a hankali ya karɓa don kada ta gane. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Da damina ta yi nisa aka yi shela cewa likitocin ido za su sauka asibitin Dakoro bayan girbi, su ɗan kwana biyu su wuce. Harisu ya tafi da labarin da kansa.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, yanar ga cire ta akai. Mutane na zuwa a makance su koma suna gani."

Ta ce, "To su taho nan."

"Ba su zuwa ƙauye, Inna. Injinsu wuta shikai so."

"Ni ko ba ni shiga abin da ka kwantawa da mutane."

Ya kawo maganar amalanke, ita kanta ta san ƙugunta ba zai kai ta Dakoro a kan amalanke ba. Ya ce zai nemo motar wani. Nan ta ɗaure fuska ta ce ɗanta na da mota ta shiga ta wani, so yake a yi da shi a gari? Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, Mai mota take ce masa. Can da ta gaji da naci sai ta ce, "Mai mota, ka cika ƙwarya da nono, ka aje bisa kujerar da niz zamna, ka kewaya rijiya ka komo. In na shahwa kujera na ji ta bushe, na shiga."

Nan take ya gwada, don mutum ne mai kyautata wa motarsa zato. Ya dawo da rabin ƙwarya. Sati guda fasinjojin gaba suna tafiya da hanci a waje.

Ya nufi wurin Cindo mai walda, wanda rumfarsa ke bakin hanyar Maradi. Cindo ya yi imani cewa duk abin da ke motsi a duniya rashin walda ne ya jawo masa. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya girgiza ta da kafaɗa, ya ce shasi ne ya yi laushi, wato ƙashin bayan mota, kuma maganinsa ƙarfe. Ya kwaso ƙafafun wani tsohon gado, da guntun garmar shanu, da wani dogon ƙarfe da shi ma bai san asalinsa ba, ya manne su gicciye a ƙarƙashi. Ya ƙara mata lam na babbar mota, faifan ƙarfen nan da ake jerawa su ɗauki nauyi. Da ya gama, ko mutum uku suka hau gefe ɗaya ba ta ko gezau.

Motar ta daina kwanciya, wannan gaskiya ne. Tsalle ta koma yi. Kowane ɗan rami sai ya ratsa ƙashin bayan fasinja ya fita ta ƙeya. Wani tsoho ya sauka a Tagris da haƙorinsa a hannu, wanda ya daɗe yana damunsa, har ya yi wa Harisu godiya. Nonon gwaji kuwa bai zuba gefe ba, sama ya yi, ya wanke rufin motar. Bayan 'yan tafiye-tafiye shasin ya fara tsagewa daidai bakin waldar.

Cindo ya dubi tsagar ya ce, "Ta kwanta?"

Harisu ya ce, "Ba ta kwanta ba."

"To ni aikina ya yi."

Gero ya fitar da kai, Harisu bai da mafita. Wata ranar kasuwa ya ga motar wani proje na masu ayyukan raya karkara, irin manyan nan masu shiga daji, ta sha kwanar bakin kasuwa da gudu ba ta ko sunkuya ba. Ya bi ta da ƙafa har inda ta tsaya, ya shige ƙarƙashinta ya kwanta. Direban ya dawo ya tarar da ƙafafu biyu a waje, ya fara salati yana zaton ya taka mutum. Abin da Harisu ya gani a can wata sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa, ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, an riƙe ta da robobi da noti, babu walda ko ɗigo. In gefe ɗaya ya so kwanciya sai ta murɗe ta ja shi, in rami ne ta bar ƙafafun su yi wasansu. Ya fito da ƙasa a gemu ya ba direban haƙuri, ya kuma tambayi sunan abin. Bar, in ji shi.

Samun bar ɗin ya fi ganin sa wuya. A Dakoro an zazzage masa tarin tsofaffin ƙarafa ba a samu ba. A Maradi ya yini yana yawo cikin masu kayan mota, duk na ƙananan motocin birni ake ɗauko masa, sirara, kowane mai shago yana rantsuwa zai shiga in an ɗan dake shi. Daga ƙarshe ya je wurin Alhaji Mudathir, ɗan kasuwar hatsi mai zuwa Kano, wanda ya ce a can ko ƙafar jirgi kake nema za a samo maka, awo kawai zai ba shi. Harisu ya yanko karan gero miƙaƙƙe, ya auna faɗin ƙarƙashin motar daidai, ya miƙa masa da hannu biyu. Karan ya yi tafiya a bayan babbar mota tare da raguna.

Bar ya iso, mai kauri, baƙi, gwanin kyau, amma ya gaza da tsawon tafin hannu.

Alhaji ya ce, "Karan da kab ba ni shi nik kai. Ga shi ma."

Ga shi kuwa, da shatin haƙori a bakinsa. Harisu ya jujjuya karan, bai zagi kowa ba, ya nemo wayar ƙarfe ya sake awo. Amma a ransa tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. An fara yankan gero a gonaki, kuma in likitocin suka zo suka wuce, bai san ko Inna za ta kai wani zuwan ba. Kullum da hantsi sai ya bi ta ƙofar Alhaji ya gaishe shi, gaisuwar da kowa ya san ba ta lafiya ba ce.

Na biyun ya zo daidai, da robobinsa da sababbin amotisa masu shanye girgizar ramuka da wani ƙarfen gicciye da ake ɗaurawa a bayan shasi. Cindo ya yanke ƙafafun gadonsa yana ƙunƙuni, ya cire lam ɗin babbar mota, ya ɗinke tsagar. Ɗaurin noti bai ɗauke shi aiki ba, aikin mata ne in ji shi, kuma sau da yawa hannunsa na zarcewa wajen injin walda. Harisu ya ɗauko benci ya zauna tsakaninsa da injin har aka gama.

Ranar gwaji duk ƙauyen ya fito, har Na'Allah, daga bayan wani rumbu. Masu ba da shawara sun ce ya rage nonon kaɗan, ai ba gani take ba. Ita kuwa sai da ta sa yatsa ta ji ya kai baki sannan ta ce a tafi. Harisu ya ja motar kamar mai ɗauke da jinjiri, ya kewaya rijiya, motar ta sha kwana a tsaye tana bin ramuka a hankali. Gab da tsayawa ƙafar gaba ta taka sawun shanu da ya bushe. Ƙwaryar ta ɗan motsa, wani siririn nono ya gangaro ya kwanta a gefen kujera.

Aka kamo hannun Inna Ladidi. Ta fara shafawa daga tsakiya, ta yi dama, ta yi hagu. Harisu yana kallo hannun ya iso wurin, ya tsaya, babban yatsanta ya goge shi sau ɗaya, hannun ya wuce.

Ta ce, "Bushe take. A ɗauko mani zanena."

Harisu ya zagaya bayan motar yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Sun iso Dakoro likitocin suna shirin naɗe kaya. Aka yi mata ido ɗaya, na dama, aka ce ɗayan sai wani zuwa. Washegari aka cire bandeji, Hawwa'u ta riƙo ta suka fito harabar asibiti, inda Harisu ya ajiye motar a inuwa ya wanke ta tas. Inna ta tsaya tana ƙifta ido. Ta zagaya motar a hankali, ta dubi ƙofar da aka ɗaure da waya, da gilashin da ya tsage, da tabon walda baƙi-baƙi ko'ina a jikinta. Har ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi.

Ta ce, "Cikin wagga kad ɗauko ni?"

"Ita ce, Inna."

"Lalle makanta ba ta yi ba."

Sannan ta ɗago ta dube shi. Rabon da ta ga fuskarsa tun gemunsa na baƙi. Ta daɗe tana kallo, abin da uwa ba ta yi wa ɗan fari a gaban mutane, har shi ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kai kuma wa yab ba ka izinin hurhura?"

Komawa ƙauye dai ta ce ba da ita ba, ba a cikin wannan abin ba, yanzu da take da idon ganinsa. Hawwa'u ta share mata ɗaki. Aka kwaso awakinta a motar, su ba su kawo wani sharaɗi ba. Harisu bai yi musu ko sau ɗaya ba, murna ce fal cikinsa, ko da yake a tasha yakan ce tsohuwa ta ƙi motarsa bayan duk wahalar da ya sha.

Yanzu motar na shan kwana a tsaye, har direbobi na zuwa leƙen ƙarƙashinta, Cindo kuma na gaya musu aikinsa ne. Kowace safiya Inna Ladidi kan fito ƙofar gida da tabarmarta ta zauna, ta ce iska take sha. Akwai wata kwana a ƙarshen layinsu wadda motar za ta iya sha da gudu ba ta girgiza ba. Harisu yakan taka birki tun daga nesa, ya sha ta a hankali kamar da ƙwarya a gaba, don ido ɗaya gare ta kuma ba ya son ya ɓace mata da wuri.