Ranar da Aka Kwance Gadon Iya

Gadon Iya ya girmi babana. Na ƙarfe ne mai rumfa, shuɗin fentinsa ya koɗe saboda daɗewa, kuma tun ranar da aka kawo ta amarya aka harhaɗa shi a cikin ɗakin bai taɓa fita ba, don ƙofar ba za ta ɗauke shi ba. A kan gadon nan na yi wayo. Ni ce 'yar fari a wajen iyayena, kuma sunan Iya, mahaifiyar babana, aka sa mini, shi ya sa da aka kai ni yaye wajenta ba ta mayar da ni ba, su ma kunya ta hana su tambaya. Kowa Ummi yake kira na, ita kaɗai ke ce mini Takwara. Babana yana koyarwa a Dawakin Tofa, can yake zaune da mahaifiyata da ƙannena. Sai da salla nake ganinsu, in durƙusa in gaishe su kamar baƙi, in koma bayan Iya in laɓe.

Ƙauyenmu yana can gefen Tofa, inda gonaki ke zuwa har gindin danga. In ka tsaya a ƙofar gida kana iya jin dakan matan ƙauyen gaba. Da kaka, bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, Iya takan kwashe garwashin murhu a kasko ta kawo ƙofar ɗakinta, ta ƙara 'yan ƙirare, ta zuba gyaɗa a gefen toka. Kafin gyaɗar ta yi ƙamshi yaran maƙwabta sun cika tabarma. Ni kuwa wurina daban ne, jikinta nake jingina.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta kanga tafin hannu a goshi kamar mai hangen hanya, ta ce, "Ga wata can ta taso."

Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta!"

In ba mu amsa da ƙarfi ba sai ta ce ai baƙuwar ta yi fushi ta juya, sai mun sake.

A cikin tatsuniyoyinta akwai ta ɗan kurciya, wadda na fi so. Wai wata kurciya ce ta yi sheƙa a kan gawo a bakin gona. Rannan ta ji mai gonar yana wasa gatari, yana cewa gobe zai sare itacen. Sai ta nemi wata bishiya a hayin rafi, ta shiga warware sheƙarta tsinke bayan tsinke tana kaiwa can. To ɗanta bai yi fiffiken da zai haye rafi ba, kuma duk sanda ta tashi sai ya ɓarke da kuka, ga shaho yana shawagi a sama yana kasa kunne. Sai uwar ta zaro tsinke ɗaya ta sa masa a baki, ta ce, "Wannan shi ne uwar sheƙa. In ya faɗi, sheƙarmu ba za ta tsaya ba. Riƙe, kada ka buɗe baki sai na dawo."

A nan Iya takan maƙale murya. Ƙadangare ya hawo ya ce, "Ɗan kurciya, ina uwarka?" Shiru. Shaho ya sauko ƙasa-ƙasa ya ce, "Wa ke nan? In da mai rai ya yi magana." Shiru. Yunwa ta zo, ƙishirwa ta zo, bai buɗe baki ba. Rana na shirin faɗuwa sai ga uwar, ta goya shi suka haye rafi, ta karɓi tsinken ta soka, sheƙa ta tsaya cak.

"Kun ji riƙon amana," in ji Iya. "Wanda aka ba ajiya ba ya surutu."

Daga nan kowa sai ya zari tsinken tsintsiya ya sa a baki, a ga wanda zai fara dariya. Ni ba a taɓa cinye ni ba.

Ina wajen shekara takwas aka yi wata damina mai ruwa, bangon ɗakin Iya na gabas ya tsage har kana hango haske ta ciki. Baffa Sani, ƙanin babana da ke sayar da hatsi a Bici, ya zo ya gani ya ce ba za ta sake damina a ɗakin nan ba. Ya gina mata ɗakin bulo a gidansa, in an gama girbi zai zo ya ɗauke ta. Ni ko a raina ban kawo cewa akwai abin tambaya ba. Inda Iya za ta, nan za ni. Har alfahari nake yi wa ƙawayena cewa zan koma gari mai lantarki.

Ana gobe za a tashi Baffa ya zo da sifana da ya aro wajen mai gyaran keke. Aka fitar da katifar rimi aka shanya, aka janyo kwanoni da tasoshin da ke ƙarƙashin gado, har da wani takalmina da ya ɓata tun ina ƙarama. Sai ya hau kwancewa. Duk notin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Ya sa na kawo masa kananzir a murfin kwalba, yana ɗiga wa kowane da gashin kaza, ya jira, sannan ya danna da ƙarfinsa har ƙarfen ya yi ƙara kamar ana yanka akuya. Rumfar ya fara saukewa, sannan sandunan nan huɗu, sannan ya kira wani maƙwabci suka ɗaga ragar da ake ɗora katifa suka karkata ta suka fitar da ita da ƙyar, tana kankare bakin ƙofa. Da aka zare fuskar gadon sai ɗakin ya zama wani iri, fili fetal, ba abin da ya rage sai ramukan da ƙafafun suka yi a daɓe.

Iya ba ta shigo ba ko sau ɗaya. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta ba ɗakin baya.

Baffa kuwa duk notin da ya kwance sai ya wurgar da shi ƙasa. Da Iya ta ji ƙararsu sai ta ɗaga murya, "Takwara, tsince su ki kawo mini."

Na tsince su tas. Ta zuba su a gwangwanin madara, ta toshe bakin da tsumma. Na ce, "Iya, a Bici ma ni ce a jikin bango ko?"

Ta kamo hannuna ta ɗora gwangwanin, ta rufe da nata. "Ke dai riƙe wannan. In guda ɗaya ya ɓata gadon nan ba zai tsaya ba. Ban yarda da kowa ba sai ke."

Ranar ji nake na fi kowa girma a gidan. Ko wanka da shi na shiga.

Da yamma aka hura wuta kamar kullum, yara suka cika don ban kwana. Ba wanda ya roƙa, ita da kanta ta ɗauko ta ɗan kurciya. Amma tana zuwa inda shaho ke sauka sai ta tsaya, ta ce hayaƙi ya shiga mata ido, kowa ya tafi gida. Muka kwana a tabarma, gwangwanin yana ƙarƙashin matashina.

Da safe a-kori-kura ta zo, aka yi ta lodi. Sai ga Baba a kan babur. Na ɗauka taya kwashe kaya ya zo yi. Da aka gama ɗaure ƙarafan gadon a saman buhuna, Iya ta ce, "Mota ta cika, Takwara. Hau bayan babanki ku yi gaba."

Tana sunkuye tana ɗaure ƙafafun kaza, ba ta ɗago ba. Ni ma ban yi mata sallama ba. Wa ke sallama da wanda zai gani anjima? Na haye babur, hannu ɗaya na riƙe rigar Baba, ɗaya na rungume gwangwani.

Ban san hanya ba, don haka ban ankara ba sai da babur ya tsaya a ƙofar gidanmu na Dawakin Tofa. Na ce, "Baba, nan ba Bici ba ne." Ya ce in shiga in sha ruwa. A ɗakin mahaifiyata na tarar da ƙullin kayana a kan akwati, har da allona. Ban san yaushe suka bar ɗakin Iya ba. Mahaifiyata, wadda kunyar ɗan fari ba ta barin ta ko kama sunana, ta ce, "Sannu da zuwa. Ga abinci nan."

Abin da zai ba ka mamaki, ban yi wani kuka ba. Lissafina mai sauƙi ne. Baba ne ya sato ni, Iya ba ta sani ba. Noti yana hannuna, gado ba zai tsaya ba, dole ta zo. Abin da ma ya fi damuna shi ne bayanta, tsohuwa mai ciwon baya tana kwana a tabarma saboda ni. Na sha tare Baba in ce, "Iya fa ba ta da gado." Sai ya ce za a kai, ya buga babur ya tafi. Aka sa ni a makaranta. In na dawo sai in zazzage notin a zanena in goge su da man gyaɗa don kada tsatsa ta ƙaru. Ƙannena sun taɓa ɗauka za su yi wasa, na yi musu dukan da har yau ɗayansu yana tuna mini. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa. Ba na yawan magana da kowa, don wanda aka ba ajiya ba ya surutu.

Sai da salla ta zo sannan Baba ya kwashe mu zuwa Bici. Tun kafin ya kafe babur na dire, na ruga ciki ina kiran Iya, gwangwani a hannu. Na ɗaga labulen ɗakinta.

Gadon yana tsaye. An yi masa sabon koren fenti, rumfarsa a ɗaure, kowace kusurwa da sabon noti fari yana ƙyalli. A jikin bango 'yar Baffa ce kwance tana barci, kanta a kan matashina.

Baffa ya shigo bayana, ya ga abin da ke hannuna, ya fashe da dariya. "Au, Ummi, har yanzu kina ajiye da waɗannan? Ai tun kafin in zo kwance gadon, Iya ta sa na sayo sababbi. Waɗannan sun cinye, ko mai gwangwan ba zai karɓa ba."

Iya ta ce, "Sani, fita."

Ya fita. Ta miƙo mini hannu. "Zo mana, Takwara. Kin yi tsayi."

Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta yadda nake gaida baƙi. Na ajiye gwangwanin a ƙasa, na fita tsakar gida.

Da yamma ta sa aka kawo mata garwashi, 'ya'yan Baffa suka kewaye ta. Ta kanga hannu a goshi ta ce, "Ga wata can ta taso." Suka amsa da ihu. Ta sake faɗa, wannan karon ni take kallo. Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da yatsa. Ta jira, ta jira, sannan ta ce yau muryarta ba daɗi, a bari sai gobe.

A hanyar komawa na tambayi Baba. Bai ɓoye mini ba. Ya ce ita ta aika masa ya zo ya ɗauke ni, ita ta ba da kayana tun da wuri, ita ta ce kada kowa ya gaya mini.

Yanzu da na girma, ina da nawa 'ya'yan, na san dalilanta ba na banza ba ne. Gidan Baffa cike yake, ga makaranta, ga mahaifiya da ta yi shekaru tana kallon 'yarta daga nesa ba ta ce komai ba. Da ni ce ma mai yiwuwa hukuncin da zan yanke ke nan. Ba rabuwar ce ta tsaya mini a rai ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ta san irin yarinyar da ta rena. Ita ta koya mini cewa amana abu ce mai nauyi, ta ga na ɗauki maganar da gaske fiye da kowane yaro a tabarmar nan, sannan da ranar ta zo, da wannan ɗin ta rufe mini baki. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan yabon yaro mai biyayya ce. Daga baya na ga cewa babba ma yana da abin koyo a cikinta, wato yadda ake sa yaro shiru. Shi ya sa ni in zan yi tafiya nake zaunar da 'ya'yana in gaya musu inda za ni da wanda zan bari, su yi birgimarsu a gabana in gani.

Ban daina zuwa gaishe ta ba, kuma ban taɓa yi mata rashin kunya ba. Amma ban sake kwana a ɗakinta ba, maganar kuma ba mu taɓa tayar da ita ba sai da ta tsufa tukuf, idonta ya tafi. Na je mata da goyon ɗana na biyu, ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai kawai ta ce, "Takwara, har yanzu kina riƙe da ni ko?"

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba, Iya?"

Ta ce, "Da na gaya miki da kin yi kuka. Ni kuma da na ji kukan nan da ban iya ba da ke ba."

Na ce, "Da kin bar ni na yi kukan."

Ta juya fuska wajen bango. Na ci gaba da shafa mata man har ta yi barci.

Daminar da ta biyo baya ta rasu. Na yi mata kuka sosai, har mata suna ba ni haƙuri suna cewa ai dole, ita ta rene ni. Amma wannan kukan mutuwa ne, kowa ma ya yi. Wancan na ƙofar gida, wanda ya kamata in yi ina riƙe da zanenta, har yau ban samu inda zan yi shi ba.