Malfar da Ba Tawa Ba

Cikin dukan shekarun da na yi ina hidimar 'ya'yan itatuwa a ƙasar Faransa, akwai yini guda da har yau ya ƙi barin zuciyata, wato ranar da wata tsohuwa ta tsaya gabana a Lyon. Ku da kuka shigo sana'ar a bayanmu, ku ba ni aron hankalinku.

A tsakiyar shekarun 1980 ina aiki a wani kamfani na Paris mai shigo da kayan marmari daga ƙasashen zafi. Ni ne shugaban 'yan dako na ɗakin sanyi: in karɓi kwalaye, in duba lafiyarsu, in raba wa masu shaguna na unguwar Château Rouge da kewaye. Idan Disamba ta kama, babu kayan da ya kai leci daraja, wanda ake kawowa daga tsibirin Réunion. Ɗan itace ne da bai wuce girman goro ba, ɓawonsa ja mai kaushi, cikinsa fari mai ruwa da ƙamshi. A jirgin sama yake zuwa bisa reshensa, domin ba ya jure jira.

Wata safiya mai kamfanin ya kira ni. "Mamman, za ka tafi Lyon. Wani babban kanti kusa da Rillieux-la-Pape zai yi makon kayan tsibiri." Ya miƙo mini riga mai furanni da malfa, ya ce duk wanda ya tambaya in ce ni ɗan tsibirin ne.

Na ce, "Maigida, ni mutumin Damagaram ne. Teku ma ta tagar jirgi na gan ta."

Ya yi dariya, ya ce masu saye ba za su bambance ba. Takardun zamana a kan wannan aiki suke rataye, saboda haka na karɓa. A makewayin kantin na tuɓe hulata, na cusa ta a aljihu, ban yarda na dubi madubi ba.

Tsarin aikin shi ne in tsaya bayan tebur mai leci da mangwaro da 'yar ƙaramar abarba, in ɓare da wuƙa, in miƙa wa masu wucewa su ɗanɗana. Shugaban sashen, wani Bature mai kaifin ido, yana kai da komowa a bayana. Ana tsakiyar makon sai ga wata tsohuwa, baƙa, cikin wata kwat da ta fi ƙarfin jikinta. Ta ɗauki reshen leci, ta shinshina, ta lumshe ido. Sannan ta dube ni ta kama magana da Kiriyol, harshen tsibirin, da sauri da murna kamar wadda ta ga ɗan ɗakinsu.

Murmushi aka ce in yi, shi na yi. Ta yi tambaya, na gyaɗa kai. Ta kama hannuna, hawaye na bin kumatunta. Ni da na haura arba'in, mai 'ya'ya, jikan malamai, ina tsaye cikin rigar furanni ina gyaɗa wa sa'ar mahaifiyata kai a kan ƙarya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shugaban sashen yana tsaye kusa, amma na cire malfar, na ce da Faransanci, "Iya, ki gafarce ni. Ni ba ɗan ƙasarku ba ne. Daga Nijar nake, ban ji ko kalma guda ba."

Ta share fuska, ta ce, "Ɗana, ai tun daga nesa na sani. Wa ka taɓa gani a wajenmu yana ɓare leci da wuƙa? Jikokina ba sa jin harshen, ɗan cikina kuwa kunyarsa yake ji. So nake kawai in faɗe shi da ƙarfi a gaban mutum. Tsaya yadda kake, kada ka amsa."

Na tsaya. Ta ci gaba, tana yi tana fassara mini kaɗan: yadda Disamba take lokacin zafi a can, yara su kwana da ciwon ciki saboda leci, a daka ɗanyen mangwaro da barkono da gishiri a ci da shinkafa. Da ta gama ta fasa leci guda da farce, ta sa mini a tafin hannu, ta tafi. Alherin nan nata ya fi zagi ciwo.

Shugaban sashen ya ce in mayar da malfar. Na ce ba zan iya ba. Washegari aka komo da ni Paris, aka sauke ni daga shugabanci zuwa ɗaukar kwali, na daɗe a haka.

Abin da na koya shi ne, yawancin masu sayen kayanmu ba yunwa ke kawo su ba, begen gida ne. Ku sayar musu da ɗan itacen bisa gaskiyarsa, ku faɗi ƙasar da ya fito. In kuwa aka tambaye ku taku ƙasar, ku faɗi sunan garin ubanku.