Tutar da Ka Bar Mini, Abdulghani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma ga Rajab 1391, ina shagona a Bab Sharif, nan Jidda, abokinmu Rafi'u ya zo ya ce Abdulghani tela ya cika bayan la'asar. Na rufe shago, ban ma tambayi yadda aka yi ba. Mun gaji da kai abokai makabarta.

Abdulghani, rabin mahajjatan da suka sauka Jidda da yagaggiyar riga kai ka rufa musu asiri, ba ka karɓi ko shayi ba. Amma abin da ya cinye maka shekara goma sha takwas tuta ce. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Italiya ya kawo maka ita gyara, ta garinsu na bakin teku: shuɗi da fari, a tsakiya tambarin gari, hasumiya bisa ruwa, kambi a sama. Gishiri ya cinye ƙasan tambarin. Ba ka san abin da ke wurin ba, sai ka cike gurbin da dagi irin na babbar riga. Jirginsa ya tashi bai dawo ba, sunan garin kuma ya kuɓuce maka.

Tun daga nan, duk jirgin Italiya da ya shigo mina, wato tashar jiragen ruwa, kana can da ƙunshinka. Ma'aikatan su duba, su ce hasumiyar kamar ta gari kaza, amma wannan ƙullin babu garin da ke da shi. Sau uku na samo maka mai saye. Ka ce, "Hamad, kai komai haja ce a wurinka. Wannan amana ce."

Satin da ya wuce, idonka ya tafi, ka damƙa mini ita. "Warware dagin, ɗan'uwa, ni na ɓatar da ita. Ka mai da musu, shi ke nan."

Na ɗauki almakashi na kasa. Amma ka san ni. Na sa an zana tambarin a takarda babu dagi, ita zan riƙa nunawa a mina, da waɗannan gwiwoyin nawa. Ranar da aka gane garin, tutarsu za ta koma da ɗinkinka a jiki.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Mastura da Zakiya, iyalin mamaci, Allah ya ba ku haƙuri. Asabar akwai jirgi daga Italiya, zan je.