Mai Duba Iska

Shekara biyu ina yi wa mutumin nan tausa kafin in san matsayina a wurinsa. Ɗan ƙasar Cek ne, sana'arsa tsalle da sanda: ya sheƙo da gudu, ya kafa doguwar sanda a rami, ta lanƙwashe ta cilla shi sama ya ƙetare karan da aka gitta a can sama. Ni kuwa daga Damagaram na zo Lyon karatun gashin ƙashi, aka tura ni kulob ɗinsu koyon aiki.

Bayan tausar, ya ɗora mini duba iska. Nakan tsaya a gefen fili da ɗan zare ɗaure a yatsa. In iska ta biyo bayansa sai in ɗaga hannu, ya taso. In ta juyo gaba, in bar hannuna ƙasa, ya dakata. Ba ya ɗaga ƙafa sai ya kalle ni.

Har gidan gwaggona na kai shi a Rillieux, kusa da Lyon. Ya sa hannun hagu a tuwo, ta buge hannun tana dariya. Ranar ya tambaye ni yadda muke cewa "frère", na ce ɗan'uwa. Tun daga nan da shi yake kirana, da harshensa mai kaushi. Ni sakarai, na ɗauka ya san nauyin kalmar. Har uwata na gaya wa a waya na yi ɗan'uwa Bature, ta ce in gaishe shi.

Da babbar gasa ta zo a Paris, ya ce zai sa a ba ni baj, wato katin izinin shiga, in zauna gefen fili a matsayin mai kula da shi. Wannan baj shi ne shaidar farko da zan nuna na taɓa aiki a irin wannan wuri. Jirgin ƙasa ba ya ɗaukar sandunan saboda tsawo, sai na ɗaure su a rufin tsohuwar motata. Shi ya shiga jirgi, ni na kwashe wuni a hanya, bayana kamar zai ɓalle.

A ƙofar filin na same shi da wani koci daga ƙasarsu, wanda ban taɓa gani ba, baj na lilo a wuyan kocin. Mai gadi ya nuna ni, ya tambayi ko wane ne.

"Direba ne," in ji mutumin nawa. "Sanduna ya kawo."

Da bakin da ya ci tuwon gwaggo ya faɗa, ko idona bai kalla ba. Na kwance igiyoyin na miƙa musu. Raina ya ɓaci, amma na sayi tikiti na shiga, don in ga ƙarshen abin.

Sau biyu yana kayar da karan. Kocin bai san iskar ba, ihu kawai yake yi masa. Saura dama ɗaya. Ya tsaya riƙe da sanda, yana bin ƴan kallo da ido layi-layi, har ya gano ni can sama. Ya ɗaga mini haɓa, yadda ya saba.

Zaren na nan a yatsata, na manta ban cire ba. Iska ta lafa, ta biyo bayansa daidai yadda yake so. Na ji ta a ƙeyata. Na tusa hannuna cikin aljihu, ya tsaya yana jirana har lokacin da aka ba shi na tsalle ya ƙare.