Kaset ɗin Burtali

Ni mutumin Yako ne. Kafin in lalace, tallar magani nake yi da lasifika, kasuwa-kasuwa, daga Bebeji har Tudun Wada. Allah ya ba ni baki. In na ji mutum ya yi magana sau ɗaya, sai in kwaikwaye shi har matarsa ta amsa. Da haka nake tara jama'a, su sha dariya, su sayi maganin basir.

Da aka kaɗa gangar siyasa a farkon shekarun casa'in, 'yan siyasa suka gano ni. Da fari liƙa hotuna ne kawai, in ɗora na wani a kan na wani. Daga nan sai shela: a ce in faɗi kaza a kan wane, amma kada in ambaci wanda ya sa ni. Da na ga babu abin da ya biyo baya, sai na saki jiki.

Wata rana wani mai babur ya same ni a tashar Tudun Wada. Alhaji kawai na san shi da shi. Ya ce, "Ka san Malam Iro, mai neman kansila a Doguwa?" Na ce, "Har tarinsa na iya." Ya miƙo rakoda, ya ce in yi magana da muryar Malam Iro, wai in ya ci zaɓe zai sa a nome burtali, hanyar da shanu ke bi, Fulani su san inda dare ya yi musu. Wallahi na san mugun abu ne, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Na yi.

Ranar kasuwar Doguwa na sa kaset ɗin a lasifika. Ban taɓa jin kasuwa ta yi tsit irin haka ba. Masu nono suka fara haɗa ƙore, samari suka gyara riƙon sanda. Ana cikin haka sai ga Malam Iro ya shigo gaisawa da jama'a, bai san hawa ba bai san sauka ba. Kafin dattawa su shiga tsakani an kai shi ƙasa. Ƙarar sanda a kan ƙashi har yau tana kunnena.

Ina tattara kaya in sulale, sai na ji an damƙe mini hannu. Arɗo ne, tsohon da ke shugabancin Fulanin wurin. Ko murya bai ɗaga ba. "Yaro, a ƙasar nan mai shela da sunan wanda ya aiko shi yake farawa. Kai wa ya aiko ka?"

Na waiwaya neman mai babur, ko ƙurarsa. Na ce, "Baba, wani Alhaji ne."

"Alhaji wa?"

Bakin nan da nake taƙama da shi ya mutu. Na jiƙa wando a gaban mutane. Ba don Arɗo ya tsaya a kaina har 'yan sanda suka iso ba, da wani ne ke ba ku labarin nan.

A kotu ma babu wanda ya ce ya san ni, ni kaɗai aka ɗaure. A gidan yari, duk sanda ganduroba ya taɓa ƙofa sai in ce shi ke nan, Malam Iro ya cika, za a mai da shari'ata ta kisan kai.

Bai mutu ba. Da aka sake ni na tuba, na je na durƙusa a zaurensa. Yana jan ƙafa, ido ɗaya ya tafi. Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma har gobe a rugage akwai masu rantsuwa da kunnensu suka ji ni na faɗa. Kasuwar garinmu ma ba na shiga."

Samari, yau lasifikar tana aljihunku. Duk tallar siyasar da ta shigo wayarku babu sunan mai ita, kada ku tura wa kowa. Ni na ci sarƙata na fito, shi kuwa Malam Iro da wannan ƙaryar aka kai shi kabari.